Ku Tambayi Mai Hoto: Kyamarar Baba da Kalar Atamfa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu muna kwashe kayan ɗakinsa sai na ci karo da tsohuwar kyamara Yashica a akwatinsa, ga kuma wasu 'yan dogayen ledoji masu ruwan ƙasa cikin ambulan, in ka ɗaga su a haske zaka ga mutane amma farar riga ta koma baƙa. Ƙanena yace shara ce a zubar, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Suna da amfani? Kyamarar fa zata yi aiki?
Daga wani ɗan uwa a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Don girman Allah kar a zubar, waɗannan ledojin su ake kira nagatif, kuma su ne uwar hoton, wanda ke maƙale a bangon falo ɗa ne kawai da aka haifa daga jikinsu. Shi fim leda ce da aka shafa wa wani irin danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa, duk inda haske ya fi duka nan ne ke yin duhu in an wanke, shi yasa kaga komai a juye. Seydou Keïta, wani mai ɗaukar hoto na Bamako a ƙasar Mali, tun 1948 ya buɗe situdiyonsa, amma duniya bata san shi ba sai bayan shekara arba'in da wani abu, kuma abin da yasa aka san shi ɗin shi ne, mutumin ya adana nagatif ɗinsa har aka zo aka sake wanko su manya manya.

Toh ka riƙe su ta gefe, kar yatsa ya taɓa tsakiya, kar kuma ka goge da bakin riga domin ƙurar hunturu yashi ce, goga ɗaya ta isa ta ja layi a fuskar mutum har abada. Ka raba su da zafi da laimar damina, fumfuna cin danƙon nan take. In ka samu mai sikana ta fim kace a maka a 2400 dpi (wato yawan ɗigo a kowane inci), tunda faɗin kowane hoto milimita 24 ne tsawonsa 36 zaka samu kusan megafiksel 8, ya isa a wanko babba a sa a firem.

Kyamarar kuwa kar kayi saurin buɗe bayanta, wataƙila akwai fim a ciki kuma haske na shiga shikenan an yi asara, ka fara murza ɗan hannun naɗewa a hankali in kaji yana tauri akwai fim, ka naɗe shi tas sannan ka buɗe. In zaka gwada sabo, fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, ka sayi mai lambar ISO (wato ma'aunin saurin kama haske na fim) 100 ko 200 don ranarmu tana da ƙarfi, 400 na yamma ne ko inuwa. Da rana tsaka ka sa ƙofar haske a 16 gudun ɗauka a 125 in fim ɗin 100 ne, da wuya kayi kuskure. Amma gaskiya ka fara nemo inda za'a wanke maka kafin ka kashe kuɗinka, fim mai kala da ruwan magani na C-41 ake wanke shi a zafin digiri 38, kuma masu yin sa sun yi ƙaranci sosai.

TAMBAYA: Ni tela ce, ina ɗaukar ɗinkina da waya in ɗan yi editin in tura wa kwastomomi, sai kaya sun isa ace min ba kalar da aka gani bace, har wata ta dawo min da leshi.
Daga wata 'yar uwa a Maradi

AMSA: Hajiya ina kyautata zaton filta ce ke ja miki. Kafin ma azo editin ki daina ɗauka a ƙarƙashin ƙwan shago, ki fito da kayan inuwa da hantsi ki ajiye farar takarda a gefe. In kin buɗe manhajar gyaran hoto ta Snapseed, kyauta ce, ko Lightroom, ki fara da daidaita fari har takardar nan ta fito fara sol ba ja ba shuɗi, da zarar ta daidaita atamfar ma ta dawo kalarta. Sai haske, sai ki ɗan buɗe inuwa, sai yanke gefe. Wurin ƙara kaurin kala shi ne tarkon, ki barshi ko ki taɓa kaɗan ƙwarai.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda ake wa fatar mutane, a ɗauki yarinya baƙa kyakkyawa a goge ta a ɗashe ta har uwarta ta kasa gane ta, wallahi raina na ɓaci in na gani, in mai saka kayan baƙa ce ki barta da baƙinta mai sheƙi, ai a jikinta leshin ya fi fitowa.

Kuma kar ki riƙa adana gyara a kan hoton asali, JPEG, wato irin fayil ɗin hoton da yawancin wayoyi ke ɗauka, duk sanda aka sake adana shi sai ya ɗan rage kyau, ki ware folda ta asali ki riƙa aiki a kan kwafi. Wajen turawa a WhatsApp ki tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba matse shi yake har zaren aikin wuya ya dagule.