Ga yarona, kan filin lambun da ciyawa ta cinye

Ɗana, ka ce bayan dogon jira ƙaramar hukumar unguwarku a nan Ingila ta ba ka hayar filin lambu, ka je ka tarar ciyawa ta kai gwiwa, sarƙaƙiya ta rufe kusurwa guda, ga shi Maris ya kama, maƙwabta duk suna shirin shuka. Tambayarka ita ce ko ka yi hayar injin nan mai barbaza ƙasa ka gama da filin a yini ɗaya. Kada ka yi haka, kuma zan gaya maka dalili, domin babu kuskuren da na fi gani a wurin sababbin shiga kamar wannan.

Ciyawar da ke filin da aka daɗe ba a noma ba iri biyu ce. Akwai wadda ke fitowa daga iri ta mutu a shekararta, wannan fartanya ta ishe ta. Akwai kuma wadda ranta ke cikin saiwa, kamar mai fararen jijiyoyi da ke rarrafe ƙarƙashin ƙasa, da mai naɗe tsirrai wadda farin furenta yake kama da mazurari, da mai saiwa ɗaya doguwa kamar karas. Idan inji ya bi ta kansu, yankan saiwar yake yi gunduwa-gunduwa ya watsa ta ko'ina, kuma kusan kowane guntu zai tsiro ya zama sabuwar ciyawa. Filin zai yi kyan gani na mako biyu ko uku, amma kafin Yuni za ka tarar da abin da ya ninka wanda ka samu da farko, a wannan karon kuma a tsakiyar shukarka, inda ba ka da damar tono.

Kafin ka taɓa ƙasa, ka karanta takardar yarjejeniyar hayar da kyau. A cikinta za ka ga ko an yarda a ƙona yayi, da girman rumfar da aka yarda a kafa, da kuma yawan filin da ake so ka nome a watannin farko, domin ana zagayawa duba filaye. Daga nan ka zaga filin da safar hannu mai kauri da takalmi mai ƙarfi, ka tsince gilasai da waya da tsofaffin ledoji. Ka lura da inda rana take daɗewa, wanda a wannan ƙasa ɓangaren da ke fuskantar kudu ne, da inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama. Sau da yawa wanda ya riga ka yakan bar itacen marmari ko wata shuka mai dawowa kowace shekara a cikin ciyawar, don haka abin da ba ka gane ba ka tambayi maƙwabcinka kafin ka sare. Sarƙaƙiyar kuwa ka leƙa cikinta a hankali, domin daga Maris tsuntsaye ke yin sheƙa, kuma dokar kare namun daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar da ake amfani da ita. Idan akwai sheƙa, wannan kusurwar ta jira kaka.

Cikakken fili irin wannan yakan kai murabba'in mita 250, ko da yake yanzu hukumomi da yawa rabi suke bayarwa, kuma ko rabin ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai zuwa ƙarshen mako kawai. Saboda haka ka sare ciyawar duka har ƙasa, sannan ka rufe kashi uku cikin huɗu na filin da kwali mai kauri wanda ka cire wa salatif, ko da baƙar leda mai ƙarfi, ka ɗora gefen wani a kan wani yadda haske ba zai sami ƙofa ba, ka danne da bulo. Ciyawar da ba ta ganin rana tana cinye abincin da ta tara a saiwa har ta ƙare. Yawancinsu damina ɗaya ta ishe su, amma mai naɗe tsirrai tana iya wuce shekara tana neman mafita, don haka kada ka yi gaggawar buɗewa. Tsohon kafet kada ka shimfiɗa shi, domin yana ruɓewa ya bar zaren roba a cikin ƙasa, kuma wurare da yawa sun hana shi.

Kashi ɗayan da ya rage, a nan aikinka na bana yake. Ka zaɓi wuri mai rana kusa da famfo, ka yi aiki da shebur mai yatsu, wanda ke ɗago saiwa ba tare da ya datse ta ba, ka bi mita ɗaya bayan ɗaya kana tsince kowace farar jijiya da hannu. Aiki ne mai cin rai, ni ma na sani, amma fangalin da aka tsince haka sau ɗaya yakan yi shekaru yana ba da sauƙi. Kada ka yi tono idan ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ka damƙi kaɗan a hannunka, idan ta dunƙule tana maƙalewa kamar yumɓu, ka bar ta ta sha iska, domin laka da aka tattaka tana jiƙe takan ƙame kamar dutse. Faɗin fangali kada ya wuce mita ɗaya da santimita ashirin, yadda hannunka zai kai tsakiya daga kowane gefe ba ka taka ciki ba. Saiwoyin da ka tsince kada su shiga tulin takinka suna da rai. Ka shanya su har su bushe ƙarau, ko ka nutsar da su a bokitin ruwa na makonni har su ruɓe.

Game da shuka, ka fara da dankalin turawa mai saurin nuna daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, zurfin kamar santimita 12, tazarar santimita 30, domin ganyensa yana yi wa ciyawa inuwa, kuma tara masa ƙasa da haƙarsa suna ƙara gyara fangalin. Ƙananan 'ya'yan albasa ma yanzu ake dasa su. Iri kuwa ba ya tsira da kyau sai ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 7, don haka ranar da ta haska kwana biyu kada ta ruɗe ka. Kabewa da wake mai hawa sanda da tumatir su zauna a ɗaki har ƙarshen Mayu, lokacin da sanyin dare mai daskarar da raɓa ya wuce. Idan lokacin ya yi, kana iya huda kwalin da ka shimfiɗa, ka zuba taki a ramin, ka dasa kabewa a ciki, sai ɓangaren da ke rufe ma ya ba ka amfani bana. Ka dai riƙa leƙa ƙarƙashin kwalin da yamma, domin a nan dodon koɗi ke ɓuya, kuma dare ɗaya ya ishe shi ya cinye sabon dashe.