Zauren Anti: Har yanzu ina sauraron muryar Mama a waya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, sannu da aiki, Allah ya ƙara basira. Daga Angwan Rogo nake nan Jos. Mamanmu ta rasu bara cikin azumi, kuma wallahi Anti har yau ban dawo daidai ba. Mama atamfa take sayarwa a kasuwar Terminus kafin gobarar 2002 ta cinye shagon da kayan ciki kaf, sai ta dawo ta kafa tanda a ƙofar gida tana suyar masa, da masar nan ta yi mana makaranta mu duka. In sanyin Disamba ya kankama kafin kiran assalatu ta tashi ta hura gawayi ta ɗora mana ruwan wanka, mu kuma mu zagaye tanda wai jin ɗumi muke alhali masar da ta ƙone ta gefe muke sata, tana gani ta kau da kai, sai in Yaya ya miƙa hannu kan mai kyau ne za ta ɗana masa cokali a yatsa. Ran Juma'a kuwa gwaten acca ne da yakuwa da gauta, na yi na yi nawa ya ƙi yin irin nata.

Abin da ke damuna, akwai saƙonnin muryarta a WhatsApp ɗina, in dare ya yi sai na kunna na yi ta kuka. Maigida ya ce rashin tawakkali ne, wai ma da kukan nan azaba nake ja wa Mama a kabari. Sannan bayan sadakar uku na ɗauke tandar da mayafinta guda ban gaya wa kowa ba, yanzu autarmu ta gane ta daina ɗaga wayata. Dan Allah Anti zunubi nake yi?

Wata ƙanwarki, Angwan Rogo

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya sa azumin da ta cika a cikinsa ya cece ta, ya ba ku haƙurin rashi.

Bari na fara da maganar maigida tunda ita ce ta fi tsaya miki a rai. Ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ke maganar ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalansa, amma malamai da yawa sun fassara shi da kukan kururuwa, irin na yaga tufafi da marin fuska da faɗin maganganun da ba su dace ba, wasu ma suka ce sai in shi mamacin ne ya bar wasiyyar a yi masa hakan. Nana A'isha kuwa da aka kawo mata zancen ayar nan ta jawo, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Hawaye daban ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kuma a Sahihu Muslim ya zo cewa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har na kusa da shi suka kama kuka, alhali yana ɗan shekara 6 ta rasu, ki lissafa shekarun da ke tsakani. To ke da ko shekara biyu ba a yi ba wa zai ce kin daɗe? Ki gaya wa maigida wannan cikin lumana, ina kyautata zaton tausayinki ne ya sa shi faɗa, mazanmu dai ba su iya lallashi ba sai su mayar da shi wa'azi.

Inda zan ja kunnenki shi ne in kukan ya fara hana ki barci da cin abinci da kula da yara, to nan kam ki je asibiti ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Zancen tanda da mayafi kuma, a nan autarku ta fi ki gaskiya. Duk abin da mamaci ya bari, ko allura ce, gado ne, hakkin magada ne gaba ɗaya har sai an raba ko sun yafe. Mu mata mun raina wannan, ana zaman makoki wannan ta ɗau zani waccan ta ɗau kwano wai na tunawa. Ki kira Yayanku ku zauna, ki faɗi abin da ke hannunki, ki roƙa a bar miki ko a sa masa kuɗi a cire a rabonki. Ba kuɗin tanda ne ya ɓata wa auta rai ba, ita ma a gefen tandar nan ta tashi.

Amma abin da na fi so ki riƙe, Mama ba a waya kaɗai ta bar miki kanta ba. Tana da ƙanwa ko yaya a raye? Annabi ya ce 'yar'uwar uwa a matsayin uwa take. Ƙawayenta na Terminus fa, waɗanda suka yi asara tare suka yi adashi tare? Shi kansa Manzon Allah bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta nama. Ki shiga kasuwar Farin Gada ki yi cefane, yakuwa, gauta, alayyafo, ki riƙa accarki ki tafi gidan Innarku ki ce yau gwaten Mama kika zo koya, ki tsaya a kanta ki ga lokacin da take zuba yakuwa da yadda take rage wuta, don tsofaffin nan ba sa awo, hannu ne kawai, in kika tambaya a waya ce miki za ta yi ki zuba daidai. Kuma ina tabbatar miki kafin tukunya ta nuna za ki ji labaran Mama tana budurwa da ba ki taɓa ji ba, ki yi dariya har ki manta da kuka kika zo.

Sadaka ma na isa gare ta. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Ba sai kin yi borehol ba, ke kin san yadda ruwa ke wuya a unguwanninmu da rani, ko kura ɗaya ta mai ruwa kika biya aka kai masallaci ko Islamiyya ya yi. Addu'a kuwa bayan kowace sallah, wannan ba ta cin ko sisi.

Saƙonnin nan kada ki goge, kuma kada ki bar su a waya ɗaya, yau a fizge ta a keke ko ta faɗa ruwa shikenan. Ki sa yaran nan masu kan waya su kwafe miki a memori ko su ajiye miki a imel, sannan ki tura wa 'yan'uwanki. Auta za ki fara tura wa, tun kafin zaman da Yaya.