Zan Sayar Da Fuloti In Tura Yaro Karatun Likita Waje, Wace Ƙasa Zan Zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana na fari ya zana JAMB sau biyu bai samu gurbin karatun likita ba. Wani ejan ya kawo mana takardun makarantu uku, ɗaya a Masar, ɗaya a Indiya, ɗaya a Arewacin Saifurus, ya ce cikin wata biyu zai fito masa da gurbi da biza. Ina da fuloti da nake shirin sayarwa. Wacce zan ɗauka? Mahaifiyarsa kuma hankalinta bai kwanta ba, don yaron bai taɓa wuce Kano ba. Daga wani uba a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya yaro, ya ba shi ilimi mai amfani. Kada dai ka kira dillalin fulotin tukuna.

Ka ajiye hotunan gine-ginen da ejan ya nuna maka, ka yi tunanin ranar da yaron zai dawo Gombe da kwali a hannu. Ko ya gama da sakamako mafi kyau, ba zai taɓa majiyyaci a Asibitin Koyarwa na Tarayya ba sai ya ci jarrabawar da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje. Bayan ita sai aikin gwaji na shekara guda, sannan bautar ƙasa, wadda ita ma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa. Saboda haka tambayar farko ita ce: MDCN ta san da wannan makaranta? Ka rubuta sunanta daidai yadda yake a takarda, harafi da harafi, ka sa a bincika a hukumar, a kuma duba kundin makarantun likitanci na duniya da ke intanet. Kada ka yarda da "ai kowa ya san ta". A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, kuma har waɗanda suka zauna aji da gaske ruwan ya ci. A 2022 ma MDCN ta ce ba za ta karɓi takardar likita da aka kammala ta intanet daga Yukiren ba, bayan yaƙi ya kori ɗalibai.

Sai kuɗi, kuma nan ne na fi ganin iyaye suna faɗawa rami. Suna lissafin shekarar farko, su bar sauran biyar ga "Allah zai hore". Allah yana horewa, amma makarantar dala take karɓa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni, a farkon 2024 dala ta haura 1,500. Mu ce misali kuɗin makaranta dala 6,000 ne a shekara: abin da uba ke biya da ƙasa da naira miliyan 3 ya koma miliyan 9, ba a zo maganar haya, abinci, inshorar lafiya, sabunta izinin zama da kuɗin jirgi ba. Na zauna da wani uba a Tudun Wada, ya baje min rasidai a kan tabarma, ɗansa yana aji huɗu a waje, an hana shi shiga jarrabawa saboda bashi. Fuloti ya tafi, mota ta tafi, kuma ba tsuntsu, ba tarko, don jami'o'inmu ba sa karɓar ɗan aji huɗu na likita haka kawai su ɗora shi daga inda ya tsaya. Ka ɗauki biro ka haɗa kuɗin shekara shida, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai. In fulotin bai kai rabin wannan ba, kuma babu wata hanyar shigar kuɗi tsayayya, ni dai ba zan ce ka fara ba.

A cikin ukun, Arewacin Saifurus zan fara cirewa. Turkiyya kaɗai ce ta amince da ita a matsayin ƙasa, in yaro ya shiga matsala babu ofishin jakadancinmu a can, kuma tun 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'ya wajen. Indiya tana da makarantu masu nagarta da kuma na jeka-na-yi-ka, sai an bi sunan ɗaya bayan ɗaya. Masar ta fi kusa da rayuwarmu: masallaci a kowane lungu, nama ba sai ya tambaya ba, ga Hausawa da yawa a Alƙahira saboda Azhar. Sai dai a lura, ko da Turanci ake lacca, tsohuwar da ke kwance a gadon asibiti Larabcin Masar take yi, ba na Islamiyya ba. Ɗalibin da bai iya tambayarta inda ke mata ciwo ba zai ƙare shekarun asibiti yana tsaye a bayan wasu, ya dawo hannunsa bai faɗa ba.

Ejan kuwa, mafi yawansu makaranta ke ba su kamasho a kan kowane yaro, don haka inda aka fi biyansu nan za su fi yabo. Kuɗin makaranta a asusun makaranta za ka zuba, ba nasa ba. Ka ce ya ba ka lambar ɗan Najeriya da ke aji biyar a can, ba ɗan aji ɗaya ba, wanda har yanzu ɗaukar hoto yake yi. Ka tambaye shi ko suna taɓa marasa lafiya, da yadda waɗanda suka gabace shi suka ƙare da MDCN.

Kada kuma ka rufe ƙofar gida. Akwai likitanci a Jami'ar Jihar Gombe da ATBU ta Bauchi, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya kuma ana neman sa daga Janairu zuwa Fabrairu kyauta, ba ejan, da shekarar koyon harshe a ciki, ko da yake makin da suke nema ga likitanci yana da tsauri ƙwarai.

Tsoron Hajiya yana kan hanya. Ni da na je Ingila karatu da aurena da gemuna, a filin jirgi aka karɓe kilishin da aka ɗaura min, don ba a shiga da nama. Watan Disamba ya zo, magariba kafin ƙarfe huɗu, na yi kwana uku ban yi wa kowa sallama an amsa ba. Ba sanyi ya fi damuna ba, shirun ne. Yaro ɗan shekara 18 da ya saba ƙanne na shiga ɗakinsa ba sallama, wannan shirun zai iya kai shi hannun duk wanda ya fara yi masa murmushi. Kafin ya tashi a samo masa babba guda a garin da zai je, a haɗa shi da ƙungiyar ɗaliban Najeriya, kuma fasfonsa ya zauna a hannunsa, da kwafi a wayarsa da taka. Waɗanda yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023 sun san darajar wannan.

Hajiya ta fara sa shi gaban tukunya tun yanzu, ya iya tuwo da miyar kuka da dafa-duka, ya iya wanki da riƙe kuɗin wata. Ta ɗaura masa kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. In ya tafi ku tsayar da ranar kira a mako, kuma kada ku tsaya a "ya karatu?", don amsar "lafiya lau" ce kullum. Ku tambaye shi me ya ci jiya da dare, da wa ya tafi Juma'a.