Amsa ga mai neman jirgin fita fatsa da iyali

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana tsakanin jirgin faiba (wato na roba mai tauri) mai tsinin gindi da inji mai ƙarfin doki 40, da na alminiyam mai shimfiɗaɗɗen gindi da inji 15, kuma da uwargida da yara huɗu za ka riƙa fita. Na riƙe irin na farkon shekara biyu kafin in rabu da shi in koma na alminiyam, don haka bari in ce wani abu.

Ni dai na alminiyam zan ce ka ɗauka, kuma ruwanmu ne dalili. Gulbin Rima ba Neja ba ne. Da zarar an shiga rani ruwa ya ja baya, sai ka ga tudun yashi a inda watan jiya ka wuce da gudu. Wata Asabar a kusa da Kwalkwalawa na faibar nan ya kafe mana, farfela ta caki yashi. Na naɗe wando na shiga turi, wasu masunta biyu suka bar tarunsu suka kama mini, uwargida na zaune riƙe da kular abinci tana kallona, ba ta ce uffan ba. Wanda ya san mata ya san wannan shirun. Mai shimfiɗaɗɗen gindi kuwa ruwan da bai kai gwiwa ba ma yana ɗaukarsa, ka ɗaga inji ka tura da gora, shi ke nan. Ga rashin tangaɗi: yaro ya ji karfasa ta ja fatsa, tashi zai yi tsaye ya yi gefe guda, ba ruwansa da gargaɗinka.

Man da inji 40 ke sha ma abin dubawa ne, ga nauyi. Na faiba sai da tirela da wurin gangarawa mai kyau, na alminiyam kuwa ƙarti huɗu sun ɗora shi bayan a-kori-kura.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Ranar Sakkwato a watan Afrilu takan haura digiri 40, alminiyam kuma ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa. Na sa kafinta ya shimfiɗa katako a ƙasa da kan kujeru, mai walda ya yi mini rumfar tamfol. Sannan idan madatsar Goronyo ce wurin zuwanka kullum, to magana ta canza. Can ruwa ne mai faɗi, iska na tasowa sai igiyar ruwa ta dinga marin gindin jirgin, ku jiƙe sharkaf. A nan faiba ya fi shi nesa ba kusa ba. Mu in mun je, da asuba muke shiga, kafin azahar mun fito.

Kowanne ka saya, kar ka biya sai an jefa shi ruwa a gabanka, ka duba ko yana yoyo ta wajen ƙusoshi. Kuma ka ware kuɗin rigar kariya guda shida, ta yara daidai jikinsu, don ta manya suɓucewa take ta kansu. Bayan kifewar jirgin 'yan kasuwar Goronyo a Agustan 2025, ko wanda ya iya ninƙaya ba ya hawa nawa babu ita.

Ranar farko kuma ka fara gaida Sarkin Ruwa na wurin, ka nemi ya haɗa ka da yaro guda da ya san inda gurbi yake.