Amsa ga mahaifin da ɗansa ke dogaro da fanshonsa

Baba, na karanta tambayarka kan ɗanka da ya gama karatu amma har yanzu kai ke ɗauke da shi. Ta taɓa min zuciya.

Ku fara ware abin da kai da Mama kuke buƙata duk wata, musamman kuɗin magani, domin tsadar rayuwa takan tsere wa fansho. Da ragowar za ku taimaka masa. Ku zaunar da shi cikin mutunci, ku yanka masa adadi da wa'adi, kuna ragewa sannu a hankali. Don Allah kada ku ci bashi ko ku sayar da gida dominsa.

Ku lura da yanayinsa kuma. Wani zaman gidan ba lalaci ba ne, ciwon damuwa ne da ke buƙatar likita.