Tambaya da Amsa: Gidajen da Ke Kulle Alhali Jama'a na Neman Muhalli

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Abuja amma ina zaune a Mararaba saboda tsadar haya, kuma kullum ina wuce manyan gidaje a Maitama da Asokoro waɗanda babu kowa a cikinsu sai maigadi. Shin babu yadda hukuma za ta yi a buɗe su a bai wa mutane haya? Daga wani mai karatu a Mararaba, Jihar Nasarawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai yadda za a yi, kuma wasu ƙasashe sun gwada. Birnin Bankuba na ƙasar Kanada ya fara karɓar haraji a kan gidajen da aka bari a kulle a shekarar 2017, kashi 1 cikin 100 na darajar gidan, daga baya aka ɗaga shi zuwa kashi 3, ana kuma zuba kuɗin a ayyukan samar da gidaje masu rahusa. Faransa na da irin wannan haraji tun 1999. Hikimar ita ce, idan barin gida a kulle ya zama asara duk shekara, mai shi zai sassauta kuɗin haya ko ya sayar.

Sai dai harajin ba ya aiki sai an san mai gidan. A Bankuba, wajibi ne kowane mai gida ya sanar da hukuma duk shekara ko ana zaune a gidansa, wanda kuwa ya yi shiru sai a ɗauka gidan a kulle yake a caje shi. A nan ne matsalarmu take, domin da yawa daga gidajen da kake gani an saye su ne don adana dukiya, wasu da sunan kamfani, wasu da sunan ɗan uwa, kuma wanda bai ci bashin banki ya yi gini ba babu abin da ke matsa masa ya nemi ɗan haya. A ganina, kafin a yi maganar haraji, kamata ya yi a fara ƙidaya gidajen, ana haɗa takardun mallaka da bayanan mitar wuta da ta ruwa.

Akwai kuma gidajen da ke komawa hannun gwamnati. A watan Disamba na 2024 kotu ta mallaka wa gwamnatin tarayya wani rukunin gidaje 753 a unguwar Lokogoma da ke Abuja bayan ƙarar da hukumar EFCC ta shigar, a 2025 kuma aka miƙa su ga Ma'aikatar Gidaje. Irin waɗannan sun fi sauƙin sarrafawa, tunda kotu ta riga ta mallaka su ga gwamnati.

Amma kada ka sa rai da yawa a kan Maitama. Gida mai ɗakunan kwana bakwai da wurin ninkaya, ko an rage kuɗinsa da rabi, ya fi ƙarfin ma'aikacin da ke neman ciki da falo, sai fa idan hukumar tsara birni ta yarda a yanka shi zuwa ƙananan sassa, kowanne da banɗakinsa da mitarsa. Waɗanda suka fi kusa da talaka su ne gine-ginen da aka yi wa rufi aka tsaya, da gidajen gado da magada suka kasa rabawa har damina ta fara zubar da katangarsu. Na farkon rance mai sauƙi suke buƙata, bisa sharaɗin a bayar da su haya a farashi mai rangwame na wasu shekaru. Na biyun kuwa alƙali suke jira ya raba gadon.