Dalilin da lo bak go ɗinka ya ƙi yankuwa

Ka ce, "Maigida, na turara shi awa guda, amma ƙasansa ya yi tauri, samansa ya caɓe, da na sa a kasko sai ya wargaje." To, laifin ba na wuta ba ne, ɗana. Ruwa ne ya yi yawa, garin kuma ya kwanta tun kafin zafi ya kama shi.

Lo bak go abincin mutanen Guwandon da Hon Kon ne a kudancin Sin. Suna cinsa da shayin safe, sun fi yinsa lokacin sabuwar shekararsu. Da farin radish ake yi, wannan dogon mai kama da ƙaton karas, a haɗa da garin shinkafa a turara kamar alala. Ka zaɓi mai nauyi a hannu, don wanda ya tsufa cikinsa kamar soso yake, ga ɗaci.

Fara da awo. Radish kilo 1 bayan fira, garin shinkafa giram 250, sitacin masara cokali 2, ruwa duka-duka mililita 450. Garin shi ne wurin da mutane suka fi faɗawa rami. Akwai na shinkafa mai danƙo, akwai na gama-gari, kuma na biyun kake so. A ledojin da ake kawowa daga Tailan galibi mai jan rubutu ne naka, mai koren rubutu na danƙo ne, in ka sa shi ko kwana ka yi kana turarawa ba zai tsaya ba.

Ka goga kashi biyu cikin uku na radish ɗin, sauran ka yanka siri-siri kamar ashana don a ji shi a baki. Zuba a tukunya da ruwa kofi ɗaya, ya dahu minti 10 ba murfi, warin nan nasa ya fita. Sai ka tace, ka auna ruwan da ya fito. Nan ka yi sakaci. Radish kusan duk jikinsa ruwa ne, wani ya fi wani, shi ya sa ba a ƙiyasta shi da ido. In ruwan ya wuce 450 ka rage, in bai kai ba ka cika da wanda ka jiƙa busasshen naman kaza, wato mushroom na kayan haɗi, a ciki.

Kayan haɗin su ne naman kaza guda 4, busassun jatan lande giram 30 da lawashi, a yanka ƙanana a soya har ƙamshi ya tashi. Su can tsiran naman alade suke sawa. Kai ka sa naman sa mai ɗan kitse giram 100, ka soya ya bushe, ka yayyafa sukari kaɗan, don tsiran nasu zaƙi-zaƙi gare shi. Gishiri ƙaramin cokali 1, farin masoro rabin cokali.

Ka bar rabin ruwan ya huce, ka dama garin da sitacin a ciki har ba gudaji. Mayar da radish, kayan haɗi da sauran ruwan kan wuta, su tafasa, ka rage wutar sosai, ka tsiyaya ƙullin kana juyawa. Cikin minti biyu zai yi kauri kamar talge mai ƙarfi, ka ja muciya ka ga hanya ta tsaya. Wannan rabin dahuwar ita ke hana gari kwanciya. Kada ka bari ya zama tuwo, zai ƙi bajewa a kwano.

Shafa mai a kwano, zuba kaurin da bai wuce santimita 5 ba, danna da bayan cokali, rufe da takardar foil saboda ɗigon murfi. Ruwan madambaci ya riga ya tafasa, wuta mai ƙarfi, minti 50 zuwa 60. Soka tsinke a tsakiya. In ya fito da farin ƙulli kamar madara, da saura. In ɗan danƙo ne kawai mai haske, ya yi, ko da saman na sheƙi.

Kuskurenka na biyu kuwa gaggawa. Mai zafi ba ya yankuwa. Ya huce, ya kwana a firiji, a nan sitacin ke ɗaurewa. Da safe ka shafa wa wuƙa mai, ka yanka kaurin yatsa, ka jera a kasko da mai kaɗan a matsakaiciyar wuta. Minti 4 kada ka taɓa shi, in ɓawon ya yi ja da kansa zai saki kaskon, sannan ka juya. Wanda ba ka yanka ba ka rufe shi, zai kai kwana huɗu a firiji.